Haɗin shayin mahaifiyarmu: mu rubuta cewa magani ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana da wani haɗin shayi na citta, na'a-na'a, kirfa da zoborodo, wanda duk wanda ya sha sai ya nemi ƙari. Ni da yayana da ƙanwata mun yanke shawarar mu mai da shi sana'a. Yayana ya dage sai an rubuta a jikin fakiti cewa yana maganin hawan jini da ciwon suga, kuma a ƙara sanamaki saboda masu son rage ƙiba, wai ta haka zai karɓu a kasuwa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ta ina ya kamata mu fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya sa wa niyyarku albarka. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana bisa hanya, don haka bari mu fara da maganar yayanki.

Gaskiya ne an yi gwaje-gwaje da suka nuna shan zoborodo kan ɗan sassauta hawan jini ga wasu mutane. Amma tsakanin sassautawa kaɗan da warkarwa akwai tazara mai nisa. Wanda zai karanta rubutun nan ba mai bincike ba ne. Dattijo ne da ya gaji da haɗiyar ƙwaya kullum safe, yana ganin kalmar "magani" sai ya tura ƙwayoyinsa ƙarƙashin filo ya kama shayinku. Hawan jini kuwa ba ya sallama, sau da yawa sai an wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ake sanin ya tashi. Ga kuma doka: a yawancin ƙasashe, da zarar an rubuta cewa abu yana warkar da cuta, hukuma za ta ɗauke shi a matsayin magani, ta nemi hujja da rajista irin ta magani. Ku rubuta abin da kuka tabbatar: sunan duk abin da ke ciki, yadda ake dafawa, ranar haɗawa, da cewa babu kafeyin a ciki idan ba ku zuba ainihin ganyen shayi ba.

Sanamaki kuma ina roƙon ku ku bar shi. Maganin taurin bayan gida ne mai sa gudawa, kuma likitoci ba sa so a wuce mako guda ana shan sa sai da izininsu. Abin da mai sha ke gani ya ragu a sikeli ruwa ne da bayan gida, kitsen yana nan daram. In aka daɗe ana sha, sinadarin fotasiyam na jiki ya ragu, wanda zuciya ke buƙata don bugawa daidai. Abin da mutum zai riƙa kurɓa safe da yamma, ya ba baƙo, ya ba mai juna biyu, bai kamata a ɓoye irin wannan a cikinsa ba.

Inda nake so ku zuba ƙarfinku shi ne sanin kayan da kuke saye. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a birnin Burusel na ƙasar Beljiyam, an yi musanyar saiwar wani tsiro na ƙasar Sin da ta wani mai suna Aristolochia, saboda sunayensu na kasuwa sun yi kama. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, wasu daga baya suka kamu da ciwon daji na mafitsara da hanyar fitsari. Don haka kada ku sayi gari. Ku sayi cittar da gaɓoɓinta, kirfar da ɓawonta, ganye da siffarsa, ku daka da kanku. Ko kirfa ma iri biyu ce. Mai kauri da tauri, wadda ta naɗe sau ɗaya, tana da sinadarin kumarin da yawa, wanda ke wahalar da hanta idan aka yawaita. Ta ƙasar Siri Lanka siririya ce, ta nannaɗe falle-falle, tana murmushewa a yatsa, kuma kumarin ɗinta kaɗan ne ƙwarai. Ta fi tsada, amma ita ta dace da shayin kullum.

Sai bushewa. Ki ɗauki yankin citta ki karya: in ta ce ƙas ta karye, ta bushe, in ta tanƙware, akwai sauran danshi. Ganyen na'a-na'a ya marmashe a tafin hannu, launinsa na nan kore, ƙamshinsa ya bugi hanci. A inuwa mai iska ake shanya shi, domin rana tana ƙone man da ke ɗauke da ƙamshin. Danshi ke jawo funfuna, wata funfunar kuma tana haifar da gubar afalatoksin da ruwan zafi ba ya kashewa. Buhun da ya yi warin ruma a zubar da shi gaba ɗaya, ba a tsince.

Yanzu batun Hajiya, mahaifiyarku. Haɗinta a hannunta yake, tana ɗiba da ido. Ku zauna da ita da ƙaramin sikeli mai auna giram, duk abin da ta ɗiba a auna kafin ya shiga kwano, a rubuta. A maimaita har sai ta kurɓa ta ce haka yake. A yanka kayan su yi kusan girma ɗaya, in ba haka ba citta ta nutse ƙasa, ganye ya taso sama, fakitin farko ya yi lami, na ƙarshe ya yi yaji. Kowane haɗi a ba shi lamba, a ajiye samfurinsa guda, don in wani ya kawo ƙorafi ku san wane buhu za ku bincika.

Maganar kuɗi kuma ku yi ta tun yanzu da ake dariya, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A rubuta jarin kowa da aikin kowa, a raba asusun sana'a da na cefane, a yanka wa Hajiya kasonta na mai haɗi ko da ta ce ta yafe. Yayanki da alama yana da bakin talla, ku ba shi kasuwa. Amma abin da zai shiga fakiti da abin da za a rubuta a jikinsa, a damƙa su ga mutum ɗaya da zai iya cewa a'a, kuma daga tambayarki na ga ke ce.