Tambaya da Amsa: Aikin jagoran yawon dare, daga Manchesta zuwa Kanwuri

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga Mabera, nan Sakkwato, na samu gurbin digiri na biyu a Manchesta. Ina neman aikin dare da zai rage mini kuɗin haya, sai wani abokina ya turo mini tallar wani kamfani mai neman 'yan jagora. Wai a kwashi baƙi a zagaya da su mashayu a wata unguwa da ake kira Gay Village. Ban gane kan aikin ba, kuma kunya ta hana ni tambayar na gida. Wane irin aiki ne, kuma ɗalibi irina zai iya yinsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gara da ka tambaya kafin ka cike takarda.

Unguwar tana tsakiyar Manchesta, cibiyarta kuma wani ɗan titi ne mai suna Canal Street da ya bi gefen mashigin ruwan Rochdale. Nan mashayu da gidajen rawa na masu neman jinsinsu, maza da mata, da na masu sauya jinsi suka tattaru. Har zuwa 1967 laifi ne a Ingila namiji ya nemi namiji, saboda haka irin waɗannan wurare a ɓoye suke, tagogi a toshe. Sai wajen farkon shekarun 1990 aka soma buɗe mashaya mai bangon gilashi a titin, na waje yana hango na ciki. Yau wurin ya zama na yawon buɗe ido, kuma masu sayen tikitin zagayen gauraye suke: akwai masu neman jinsin da suka zo baƙunta garin, akwai ƙawayen amarya, akwai 'yan ganin ƙwaƙwaf.

Yawanci ana haɗuwa wajen ƙarfe 8 na dare. Jagora ya duba sunaye, ya duba shaidar shekaru, ya ɗaura wa kowa zare a hannu don masu tsaron ƙofa su gane ayarin. Shekarun sayen giya a Birtaniya 18 ne, amma mashayu da yawa suna neman shaida daga duk wanda bai yi kama da ɗan 25 ba, kuma fasfo ko lasisin tuƙi suke so a hannu, hoton waya ba ya cika wucewa. Daga nan sai a bi mashaya huɗu ko biyar, kowace a yi minti 40 zuwa 45, a ƙarasa a gidan rawa wajen tsakar dare. Kamfani ya riga ya shirya da masu wuraren: ayari ba ya bin layi, kuma sau da yawa ana ba kowa ɗan ƙaramin kofi kyauta. Idan mutane sun haura 15, jagora biyu ake so, ɗaya gaba ɗaya baya. Wasu kamfanonin kan tsaya a lambun Sackville, inda gunkin Alan Turing ke zaune kan benci da tuffa a hannu. Masanin lissafi ne da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, aka hukunta shi a 1952 saboda neman namiji, ya mutu a 1954, aka yi masa afuwar sarauta a 2013. Iyakar tarihin da za ka bayar ke nan, minti biyar. Sauran daren ƙirga ne: ka ƙirga kawuna in za a shiga, ka ƙirga in za a fita, a kowace ƙofa.

Abin da ke ɓata aikin lissafi ne mai sauƙi wanda baƙi ba sa yi. A can, ma'auni ɗaya na barasa mililita 10 ne na tsantsarta. Ɗan kofin nan na kyauta, mililita 25 na mai ƙarfin kashi 40, ma'auni ɗaya ne. Babban kofin giya mai mililita 568, in ƙarfinta kashi 4 ne, ma'auni biyu ne da ɗoriya. Wanda ya sha ƙarami da babba a mashaya biyar ya zuba wa cikinsa sama da ma'auni 16 cikin awa huɗu, alhali hanta kusan ma'auni ɗaya take narkarwa a awa, kuma shawarar hukumomin lafiyar ƙasar ita ce kada a wuce 14 a mako guda. Shi ya sa a mashaya ta uku ake soma rasa mutane: wani ya maƙale a banɗaki, wata ta bi sabbin ƙawaye, wani ya soma ɗaga murya. Dokar lasisi ta 2003 ta haramta sayar wa wanda ya bugu giya, ta kuma haramta wani ya sayo masa. Mai tsaron ƙofa in ya ga mutum ɗaya yana tangaɗi yana iya mayar da ayarin duka, kuma kai za a kalla.

In mutum ya faɗi ba ya amsa magana, a kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga haɓarsa don kada amai ya shaƙe shi, a kira 999, lambar agajin gaggawa ta can, kada a bar shi shi kaɗai wai ya yi barci ya wartsake. In ya rikice fiye da abin da ya sha, a yi zargin an sa masa ƙwaya a kofi, a gaya wa masu wurin nan take. Mashayu da dama suna da wata alama: wanda ya ji tsoron abokin zamansa ya je wurin mai sayarwa ya ce yana neman Angela, su kuma su fitar da shi a asirce. Sai haɗarin ruwan mashigin da ke gefen titin. Mashigin nan ba shi da faɗi, amma sanyinsa na daskarar da gaɓoɓi, kuma an sha tsamo gawar masu maye daga mashigan ruwan Manchesta. Jagoran da ya san aikinsa ta gefen gine-gine yake bi da mutanensa, shi kuma ya tsaya tsakaninsu da ruwan.

Akwai kuma haƙƙin masu wuri. Babban ƙorafin 'yan unguwar shi ne a kwaso musu ayari a zo ana kallonsu kamar gidan zu. Don haka tun a wurin haɗuwa jagora ke faɗa: ba taɓa masu wasa a dandamali, ba tambayar mutum mace ce ko namiji, ba ɗaukar hoton kowa sai da izninsa. Zancen hoton nan ba ƙarami ba ne, domin cikin baƙi akwai waɗanda danginsu ba su san halinsu ba, akwai 'yan ƙasashen da hoto ɗaya zai iya kai mutum kurkuku ko hannun masu karɓar kuɗin toshiyar baki.

To, kai fa? Abu uku za ka auna.

Na farko bizarka. Ɗalibin digiri yana da izinin aikin awa 20 a mako lokacin karatu, amma an hana shi aikin gashin kai kwata-kwata. Kamfanonin yawo da dama ba sa ɗaukar jagora a matsayin ma'aikaci. Biyan kowane zagaye suke yi, ko su bar shi da abin da baƙi suka ba shi na goro. Wannan a idon hukumar shige da fice aikin gashin kai ne, kuma yana iya cinye maka biza. Ka tambaye su kai tsaye: akwai takardar ɗaukar aiki, kuma ana cire haraji daga albashi? In suka soma kame-kame, magana ta ƙare.

Na biyu addininka. Hadisin da ya la'anci masu hannu a giya, har da mai ɗaukarta da wanda aka kai wa, ɗan Sakkwato bai buƙatar a karanto masa. Ko ba ka kurɓa ba, aikinka kai mutane wurinta ne. Sannan kada ka yi tunanin za ka karɓi aikin kana yatsina fuska. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci ga abokin ciniki saboda wanda yake nema, kuma ita ɗin ce ta hana a nuna maka bambanci don kai Musulmi ne. Wanda ba zai iya karɓar waɗannan baƙin da mutunci ba, ya zalunce su, ya kuma jawo wa kansa kora.

Na uku fuskarka. Kamfani da hoton jagora yake talla a Instagram da TikTok, kuma abin da aka ɗora a Manchesta da dare, kafin azahar ya shiga zaurukan WhatsApp na Mabera. A gida, dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi shekara 14 ga auren jinsi da shekara 10 ga shiga ko tallafa wa ƙungiyoyi da kulob-kulob ɗinsu, ga kuma dokar shari'a da jiharmu ta ɗauka tun 2000. Ba wanda zai tsaya jin cewa kai ɗan jagora ne kawai.

A ganinmu wannan ba aikinka ba ne. Jami'o'in can suna ɗaukar ɗalibai da albashi su zagaya da masu neman gurbi cikin makaranta, kuma in dare kake so, gidajen abincin halal sun yi layi a titin Wilmslow da ke Rusholme, suna neman hannu.

TAMBAYA: Salam. Na daɗe ina kai baƙi Hubbaren Shehu da fadar Sarkin Musulmi da gidan tarihi na Waziri Junaidu. Baƙin kan ce da dare ba su da abin yi sai zaman otal. Ina son in soma zagayawa da su wurin masu abincin dare. Ta ina zan fara? Daga wani ɗan jagora, Kanwuri.

AMSA: Malam, ka hango kasuwa. Ƙashin aikin ɗaya ne da wanda muka bayyana a sama, sai dai naka ba maye. Ciki da hanya ne abin tsoro.

Ka fara bayan isha'i, ka tashi kafin 10:30. Mutum shida zuwa takwas sun isa, ka kama keke Napep uku da direbobin da ka sani, ka yi jinga da su ta dare duka. Kada ka rarraba baƙi kan kabu-kabu, ƙirga zai kuɓuce maka. Zango huɗu ya wadatar, daga mara nauyi zuwa mai nauyi: ƙosai ko awara tukuna, sai tsire da balangu, sai teburin mai shayi inda za a zauna a yi hira, a rufe da fura da nono, ko hura kamar yadda za su ji ana faɗa. Kilishi a saya a ƙulle, tsaraba ce. In ka soma da nama, zango na biyu kowa ya ƙoshi, sauran masu abincin da ka yi wa alkawari su yi asara.

Tun la'asar ka leƙa wurin mai naman ka gaya masa adadinku, ka ba shi kafin alƙalami, ya ware muku. Ka tsaya a kan a mayar da naman wuta a gabanku har ya yi zafi ciki da waje, domin wanda ya jima a gefen tukuba yana shan ƙura shi ke kwantar da baƙo. Albasa da tumatir ɗanye a janye wa wanda cikinsa bai saba ba. Nono kuwa ka san mai shi, ka tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita; in ba ka tabbata ba, a dama furar da yogot na kanti, ba ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba.

Tambaya ɗaya kada ka taɓa mantawa da ita kafin a hau keke: akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba? Ƙuli-ƙuli na cikin garin tsire, yana cikin yaji, tunkuza na cikin labun kilishi, man gyaɗa ake shafa wa nama. Ga wasu mutane ɗan lasa ya isa ya kumbura musu maƙogwaro cikin mintoci. Irin wannan baƙon ko balangu kada ya ci daga tire ɗaya, kuma ka san asibitin da ya fi kusa da kowane zango.

Ka gaida mai unguwar kowane wuri ka sanar da shi, ka kuma sanar da ofishin 'yan sandan yankin in akwai baƙin ƙasar waje. Zagayenka ya tsaya cikin gari, kan titunan da ke da haske da jama'a. Halin tsaron da ake ciki bai bar wurin fita bayan gari da dare ba, ko da an ce maka naman wani ƙauye ya fi daɗi. Hubbare wurin ziyara ne, a bar shi da rana. Ka gaya wa baƙi mata su yafa mayafi, kowa kuma ya nemi izini kafin ya ɗaga waya, musamman a kan mata masu tuya da almajirai.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinka, sanyin hunturu na sa shayi da tsire su yi armashi. Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 da rana, ƙasa na huci har dare, sai ka rage zango ka ƙara ruwan gora. Da azumi a jira a sauko tarawihi.

Kuɗi kuwa ka karɓa dunƙule tun farko: abinci, keke, ladanka, ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar saboda wanda zai ce a ƙara masa tsinke biyu. Ka riƙe tsaba da canji a aljihu, domin ba kowane mai tuya ke karɓar tiransifa ba, kuma sabis kan ɗauke daidai lokacin da mutum takwas ke tsaye kanka suna jira.