Tambaya da Amsa: Stephen Keshi, daga kyaftin zuwa koci

Tambaya: Malam, da gaske ne marigayi Stephen Keshi ya ci Kofin Afirka yana ɗan wasa, ya sake ci yana koci? Me kuma ya raba shi da Togo? Daga wani mai karatu a Azare.

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma a garinku aka haife shi a 1962. Ɗan baya ne, ya buga wa Anderlecht ta Beljiyam da Strasbourg ta Faransa. Shi ne kyaftin ɗin Super Eagles da suka ɗauki kofin a Tunisiya a 1994. A 2013 kuma, yana koci, Najeriya ta doke Burkina Faso da ci 1-0 a Afirka ta Kudu. Kafin shi, Mahmoud El-Gohary na Masar kaɗai ya taɓa yin haka.

Abin da ya fi burge mu shi ne zaɓen 'yan wasansa. Cikin 23 ɗin da ya tafi da su, shida 'yan gasar cikin gida ne, aka yi ta sukarsa. Ɗayansu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddebuwa, shi ya kuma ci ta wasan ƙarshe a minti na 40.

Togo kuwa, shi ya kai ta Kofin Duniya na 2006, karonta na farko. Amma a gasar Afirka ta Masar an cinye su duka wasanni uku, ga saɓani da ɗan wasan gabansu Emmanuel Adebayor, sai aka sallame shi, Otto Pfister ya jagorance su zuwa Kofin Duniyar a Jamus. A ganinmu an yi gaggawa. Keshi ya rasu a birnin Benin na Najeriya a watan Yunin 2016.