Tambayoyinku: Dandamalin katakonmu ya fara lotsawa, wa zan ba aikin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Muna da dandamalin katako a bayan gida, manne da bangon falo, tsayinsa daga ƙasa ya kai ƙirjin mutum. Shekararsa 12. Yanzu alluna uku da ke bakin ƙofa suna lotsawa in an taka, shingen gefe kuma yana girgiza in yara suka jingina. Na kira 'yan kwangila biyu. Na farko ya zagaya ta sama, ya ce aikin kwana uku ne: a cire matattun alluna, a sa sababbi, a shafa fenti. Ya faɗi kuɗinsa dunƙule, yana son rabi kafin ya fara. Na biyu ya ce ba zai yanka farashi ba sai ya ɗaga alluna ya shiga ƙarƙashi, kuma sai na biya shi ladan dubawar. Maigidana ya ce wannan neman hanyar ƙarin kuɗi ne kawai. Wa zan ba aikin, kuma me zan nema a rubuce?

Daga wata mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ba Alhaji haƙuri, a wannan karon ina bayan na biyun. Farashin da aka yanka ba tare da an leƙa ƙarƙashi ba cinikin biri ne a sama.

Allunan da ƙafarki ke takawa riga ce kawai. Nauyin yana kan abin da ba kya gani: katakan da aka jera a ƙarƙashinsu, yawanci da tazarar santimita 40, da babban gungumen da suka hau, da ginshiƙan da suka sauka ƙasa. Sai kuma wani dogon katako guda ɗaya da aka ɗaure a jikin bangon gida, wanda kusan rabin nauyin dandamalin ke rataye da shi. Abin da ya tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne inda allunan suka lotsa. Bakin ƙofa daidai saman wannan katakon bango yake. Ruwan da ke gangarowa daga rufi da bango yakan sulale tsakaninsa da ginin, sai dai in an sa wani siririn kwano da ake lanƙwasawa a kansa don ya kore ruwan waje. In babu kwanon, ko ya huje, ruwa zai shiga ya kwanta inda rana ba ta kai wa.

Katako ba tsufa ke ruɓar da shi ba, danshi ne. Muddin danshin cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, fumfunar da ke cin sa ba ta samun yadda take so. Da ya jiƙe ya kasa bushewa, sai ta fara daga ciki, bayan katakon kuwa yana nan sumul. Gara ma aikinta ke nan, ta cinye tsakiya ta bar miki ɓawo. A watan Yunin 2015 wata baranda ta rufta a birnin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka, ta yi ajalin matasa shida, yawancinsu ɗalibai 'yan ƙasar Ayalan. Ginin bai cika shekara goma ba. Da aka bincika, katakan da ke ɗauke da barandar ne suka ruɓe saboda ruwan da ya shiga ya rasa mafita. Naki bai kai tsayin waccan barandar ba, alhamdulillahi, amma faɗowa daga tsayin ƙirji tare da kujeru da katakai ya isa ya karya ƙafar yaro.

Ni ma na taɓa cin wannan kasuwar. A gidan ƙanena na tsaya aka canza alluna kaf, aka shafe su suna sheƙi, har ina alfahari da aikin. Wanda ya yi mana bai durƙusa ya duba ƙasa ba, ni kuma ban ce ya duba ba. Damina biyu aka yi, gefen bango ya sauka. Muka ɓamɓare sababbin allunan da hannunmu, wasu suka tsage a wurin cirewa, muka biya kuɗin aiki sau biyu. Tun daga ranar ba na raina ladan dubawa.

Sai dai kar ki biya shi ki koma ɗaki. Ki tsaya a wurin da tocila. Ki ce ya ɗaga allunan nan uku, ya soka sukudireba a katakon bango, da bakunan katakan da aka jera, da gindin kowane ginshiƙi inda ya taɓa ƙasa. Lafiyayyen katako yakan ƙi ƙarfe, in an ɓantare shi ya tsage da dogayen silili. Ruɓaɓɓe kuwa ƙarfen zai nutse fiye da rabin santimita ba tare da wahala ba, ya marmashe kamar busasshiyar ƙasa. Ki duba da me aka ɗaure katakon bangon. In ƙusoshi ne zalla, wannan kaɗai ya isa dalilin gyara, domin ƙusa takan zare a hankali. Manyan noti masu kaurin milimita 12 ake so su ratsa shi su kama ƙashin ginin. Ki ɗauki hoton duk abin da kuka gani. Ki kuma tambaye shi ko zai cire ladan dubawar daga kuɗin aiki in shi aka ba, da yawa sukan yarda. Abin da ya rubuta miki naki ne, kina iya kai wa na farkon da wani na uku, kowa ya yanka farashi a kan aiki iri ɗaya.

Batun takarda, ga inda rigima ta fi tashi: an fara aiki, an buɗe, sai a kira ki a ce an tarar da ɓarnar da ba a zata ba, ga dandamali a wargaje, ba ki da bakin musu. Maganinsa a rubuta tun yau nawa ne canza katakon ƙarƙashi guda ɗaya, nawa ne ginshiƙi ɗaya, nawa ne katakon bango. A kuma rubuta cewa in an ga sabuwar ɓarna za a dakata, a nuna miki, ki sa hannu kafin a ci gaba. Wannan sharaɗin shi ne amsar damuwar Alhaji.

Kar ki yarda da kalmar "katako mai kyau" a takarda. A faɗi irinsa, kaurinsa, da cewa wanda aka dafa da maganin ruɓa ne, na ginshiƙi kuma wanda ya dace da taɓa ƙasa. Duk inda zarto ya yanka, a shafa magani a bakin, don maganin ba ya ratsa tsakiyar katako sosai. Akwai wani abu da masu gaggawa ke tsallakewa: yawancin magungunan nan na yanzu da jan ƙarfe a cikinsu, shi kuma yana cin ƙusar gama-gari. Dole ƙusoshi da noti su zama masu rufin zinki mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa. A bar 'yar tazara tsakanin alluna, kamar milimita 5, ruwa ya samu hanya. Ginshiƙai su hau kankare, kar a binne su a cikin danshi.

Shingen da ke girgiza ba ƙarin ƙusa yake buƙata ba. A ɗaure sandunansa da noti a jikin katakan ƙarƙashi. Tsayinsa kar ya gaza santimita 90, tsakanin sanda da sanda kar ya wuce santimita 10, yadda kan yaro ba zai shige ba.

Rabin kuɗi kafin a ɗaga guduma ya yi yawa. Kuɗin kafin alƙalami ya tsaya a kan kuɗin kayan farko, da rasit. Sauran a raba: kaso ɗaya in an gama ƙarƙashi kin gani da idonki kafin a rufe shi da alluna, na ƙarshe bayan an kammala an kwashe tarkace. A rubuta ranar farawa da ta gamawa, da tsawon lokacin da zai dawo ya gyara kyauta in wani abu ya saki, da wanda zai ɗauki nauyi in ma'aikaci ya ji rauni, da wanda zai nemo izinin hukumar gine-gine in aikin ya taɓa ginshiƙai. Tsohon katakon kuma kar a bar wa kowa ya hura wuta da shi, hayaƙin katako mai magani guba ne.

Kafin ranar dubawa, ki shigar da kujerun ciki, ki kulle ƙofar nan, ki gaya wa yara wasa ya koma tsakar gida.