Katin netwok da ke ɓacewa sai an kashe sabar an kunna

Wallahi ɗan'uwa, ina karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Kati na aiki lafiya lau, kwatsam intanet ta ɗauke, ka duba dmesg, wato umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin Linux, ka tarar da PCIe Bus Error (kuskure a layin da ya haɗa kati da kwamfuta) reras, kuma ba ya dawowa sai ka kashe ka kunna. Wata uku cur na sha wannan azaba.

Ranar da ba na mantawa, ana tsakiyar rajistar jarrabawa, shago cike maƙil da yara da iyayensu, kati ya mutu sau huɗu kafin azahar. Oga ya tsaya a kaina yana ta faɗa gaban mutane, wai ni na taɓa abin da ban iya ba. Ya ɗauko wani da ake ce wa gwani, ya karɓi kuɗi, ya sa pci=noaer, saitin da ke hana fitar da rahoton irin wannan kuskure, ya tafi. Saƙonnin suka daina fitowa, oga har da yi mini gori. Ashe bakin marar lafiya aka toshe. Kashegari kati ya sake mutuwa, ga shi babu ko layi ɗaya da zan karanta. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Don Allah kar ka sa wannan pci=noaer ɗin. Duba severity, wato girman kuskuren da saƙon ya nuna, tukuna. In Corrected ne, na'urar ta gyara da kanta, sai dai yawansa alama ce. In Fatal ne, wato mai tsanani, kenel (zuciyar Linux) zai kira matakan farfaɗowa na direba, manhajar da ke sarrafa katin: error_detected, sannan slot_reset, sannan resume, kuma direban da bai tanadi waɗannan ba ba zai farfaɗo ba. In lspci, umarnin da ke jero katunan da ke cikin kwamfuta, ya nuna maka rev ff, kati ya riga ya faɗi daga layi, duk abin da aka karanta 0xFFFFFFFF ne. Wani lokaci rubuta 1 a fayil ɗin remove na katin da ke ƙarƙashin /sys/bus/pci/devices sannan a /sys/bus/pci/rescan kan dawo da shi ba sai ka kashe ba.

Gwada pcie_aspm=off ma, saitin da ke kashe tsimin wuta na layin PCIe, ni ya rage mini. Amma nawa ƙurar hunturu ce ta cika ramin katin. Na hure, na goge haƙoransa, na sauya masa rami, shi ke nan. Af, in da janareta kuke aiki babu UPS, to ka fara da nan. Ogan nan ko haƙuri bai ba ni ba, ka ji.

Turo mana layukan dmesg ɗin mu gani.