Ki daina duba takardar ƙarshe kawai

Malama sannu da ƙoƙari. Kin ce ɗalibanki na kawo miki insha'i tsaf kamar ba su suka rubuta ba, shin ki hana waya da kwamfuta ki koma biro da takarda zalla? Na daɗe a wannan aikin, kuma gaskiya ni ban ga laifin wayar ita kaɗai ba.

Yadda aka koyar da yawancinmu ai a ba ka take, a nuna maka samfuri, ka je ka kawo, malam ya bi da jan biro ya sa maki, shi ke nan. To in takardar ƙarshe kawai ake dubawa, tun da ChatGPT, manhajar nan da ke yi wa mutum rubutu in ya nema, ya fito a Nuwamban 2022 yaro ya samu mai yi masa aikin cikin minti ɗaya. Alhali tun 1981 masu bincike kan rubutu Linda Flower da John Hayes a Amurka suka bayyana cewa mai rubutu ba miƙewa yake ɗoɗar ba, yana tsarawa ya rubuta ya tsaya ya koma baya ya soke ya sake tsari, kuma wannan kai-komon shi ne rubutun, shi ne abin da ba ma koyarwa.

Abin da nake yi, zubin farko a cikin aji ake yinsa da hannu ina kallo, ko da ya fito a hargitse. Sai su buga shi a Google Docs, manhajar buga rubutu ta intanet, a nan fa na'urar take yi min rana, domin tana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi, wanda ya kwafo shafi guda ya liƙa lokaci ɗaya za ki gan shi, wanda ya yi ta fama da sakin layi ɗaya ma za ki gan shi, shi nake fara yaba wa. A gefe kuma ba na gyara musu jimla, tambaya nake bari, me kake nufi a nan, wa ya faɗi haka, ina hujjarka. Wallahi yaron da ya amsa waɗannan da kansa sai kin ji muryarsa ta fito a zubi na biyu.

Maki kuma ki raba shi, kaso mai tsoka ya tafi ga bambancin zubin farko da na ƙarshe. In ba kowa ke da na'ura ba, su riƙa haɗa duk takardun gyaran su miƙo tare, kar su yar da ko ɗaya.