Gwajin jini na gano dajin hanta: wanne ya kamata mu biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana da ciwon hanta nau'in B kusan shekara 6 kenan, yana shan maganin cutar mai suna tenofovir kullum. Yanzu a wani lab sun ce mana akwai gwajin da ake kira PIVKA-II wai ya fi AFP saurin gano daji, amma kudinsa ya ninka sosai, ga sikanin ciki ma likitansa ya rubuta. Abin da ke hannunmu ba zai kai duka ba, dan Allah wanne zamu dauka? Daga wata baiwar Allah a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma Allah ya saka miki da alheri kan wannan dawainiya. In kudin ba zai kai ba, ku yi sikanin da AFP, abin da ya rage ki boye shi don maimaitawa bayan wata 6, domin a wannan harkar maimaitawar ce ke ceton rai, gwaji mai tsada da za a yi sau daya sannan a shafe shekara biyu ba a koma ba wallahi ba zai tsinana muku komai ba.

AFP wani furotin ne da jariri ke samarwa tun yana ciki, bayan haihuwa sai ya sauka, to idan daji ya kama hanta sau da yawa sai ya sake tashi. Masana a Tarayyar Sobiyet ne suka gano haka, Abelev a jikin beraye a 1963, Tatarinov kuma a jinin mutum a 1964. Matsalar gwajin AFP biyu ce. Akwai masu dajin da yawa, kusan kashi daya cikin uku, da AFP dinsu ba ya tashi ko kadan, sannan kuma yana iya hawa ba tare da daji ba, misali lokacin da ciwon hanta ya motsa ko mace na da juna biyu. Shi ya sa in kin ga lambar AFP a takardar sakamako ta dan wuce 20 kar hankalinki ya tashi, ki kai wa likita ya kwatanta da na baya, hawan da yake yi a jere ya fi lamba daya magana. In ya haura 400 kam ba a jira.

PIVKA-II, wanda shi ma wani furotin ne da ake aunawa a jini, gwaji ne na gaskiya ba yaudara ba, a Japan sun dade suna hada shi da AFP da wani nau'in AFP da ake kira AFP-L3, kuma yana kama wasu da AFP ya tsallake. Amma shi ma yana tashi ga mai shan warfarin (maganin hana jini daskarewa) ko mai karancin bitamin K, kuma ko ya fito sama ko kasa ba ya yanke hukunci. Mai yanke hukunci shi ne hoton CT ko MRI da ake yi da allurar ruwan da ke fito da hoton sarai ta jijiya, wani lokaci har a tsakuro tsokar a duba. Ni dai inda zan ce ku daure ku biya PIVKA-II shi ne idan sikanin ya ga wani abu da ba a gane ba, AFP kuma yana nan lafiya, kuma likitan hanta ne da kansa ya nema, ba mai lab ba.

Abin da ke damuna da mu nan shi ne dajin yana kama mutanenmu da kuruciya, 'yan shekara 30 zuwa 40, saboda yawanci tun yarinta aka dauki kwayar cutar, ga kuma gubar aflatoxin da ke cikin gyada da masarar da suka yi fumfuna, in ta hadu da ciwon B hadarin ninkuwa yake. Don haka ki rika tsince gyadar miya da kyau, wadda ta canza launi ko ta yi daci a zubar.

Kar ya daina tenofovir don ya ji sauki, kar kuma a hada masa da jike-jiken da ba a san me ke ciki ba. Ke da yara ku je a gwada ku, wanda bai da cutar a yi masa rigakafi, in kuma haihuwa ta zo a yi wa jariri allurar cikin awa 24 na farko.