Me ya sa dutsen farar ƙasa ke zama gari a tanderun kwal?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniyanci ne. Na karanta cewa a tashoshin lantarki masu ƙona kwal a cikin yashin da iska ke kaɗawa daga ƙasa, ana zuba dutsen farar ƙasa don ya kama hayaƙin farar wuta, amma yakan farfashe ya zama gari. Me ke jawo haka, kuma asara ce?

Amsa: Ba duka ba ne asara. Irin wannan tanderu, kamar na tashar Lagisha a Foland mai megawat 460 da ta fara aiki a 2009, yana ci ne a zafin kusan digiri 850 na ma'aunin Selsiyas. Da ƙwayar dutsen ta faɗa ciki, bayanta kan riga cikinta ɗaukar zafi, ga iskar CO2 da zafi ke fitarwa daga dutsen na neman mafita, domin tsantsar dutsen na rasa kashi 44 cikin 100 na nauyinsa a wannan ƙuna. Wasu ƙwayoyin nan take suke fashewa kamar gugguru. Wadda ta tsira ta zama CaO, wato ƙonanniyar farar ƙasa mai ɗauke da kalsiyam, mai taushi da ƙananan ramuka, sai gogayya da yashi da toka ta riƙa zaizaye ta, karo da bango kuma ya tsaga ta.

Ga inda lissafin ke juyawa. Idan CaO ta haɗu da SO2, wato hayaƙin farar wutar nan, sai ɓawon kalsiyam salfet ya lulluɓe ƙwayar. Ɓawon ya fi cikin tauri, yana rage zaizayar, amma kuma yana toshe ramukan, hayaƙi ya kasa shiga. Shi ya sa sau da yawa ko rabin kalsiyam ɗin ba ya aiki, dole a zuba ninki biyu zuwa uku na abin da lissafi ya nuna. To ka ga gogayyar da za ta ɗaye ɓawon nan, ta fito da sabon ciki, riba ce.

Asarar tana wajen garin da ya yi laushi ƙwarai. Na'urar saiklon da ke mayar da ƙwayoyi cikin tanderu ba ta iya kama shi, sai ya bi hayaƙi ya fice tare da toka bai kama komai ba.

A ganina kuskure ne a zaɓi dutse don yawan kalsiyam ɗinsa kawai. Duwatsu biyu masu sinadari ɗaya, daga wuraren haƙa daban-daban, kan sha bamban wajen fashewa. Sai an gwada kowanne a ƙaramin tanderu mai zafi kafin a yi odar tan dubbai.